Muhawara: Iska na ɓata mini hotuna, ina gyaran yake?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Duk ranar da na fita ɗaukar hoto a waje ana iska, sai in dawo da hotuna dishi-dishi. Kuma ba a hannu nake riƙe kyamarar ba, a kan tirayfod take, wato mariƙin kyamara mai ƙafa uku. Na baya-bayan nan wata bishiya ce a gefen dutse, da yamma, na ɗauka a 1/60 na daƙiƙa (lokacin da shota, wato ƙyauren kyamara, ke yi a buɗe), f/11 (faɗin ƙofar haske ta lens, gilashin gaban kyamara), ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara). A bayan kyamara ya yi kyau, da na buɗe a kwamfuta sai raina ya ɓaci. Tirayfod ɗin ne ba shi da ƙarfi ko lens ɗin ne? Don har na fara tunanin sayen wani.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka sayi komai tukuna. Koma kan hoton, ka ƙara girmansa har ƙarshe, ka dubi dutsen, ka dubi gindin bishiyar, sannan ka dubi ganyen. Ka dawo ka faɗa mana wanne ya fita, wanne bai fita ba.

Sabon Shiga: Na duba, Malam. Dutsen ya fita tar, har tsagar jikinsa ana gani. Gindin bishiyar ma haka. Ganyen da ƙananan rassan ne suka dagule.

Tsohon Hannu: To tirayfod ɗinka ya yi aikinsa, ka wanke shi daga zargi. A ranar iska motsi iri biyu ne ke ɓata hoto, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Akwai motsin kyamarar kanta, akwai motsin abin da kake ɗauka. In kyamara ce ta girgiza, komai na cikin hoton zai dagule tare, dutse da ganye da ƙasa, sau da yawa ma za ka ga gefen kowane abu ya ninku biyu ta fuska guda. In kuwa abin da ba ya motsi ya fita garau, mai motsi ne kawai ya ɓaci, to shota ce ta daɗe a buɗe. Ko da siminti ka kafe kyamarar, ganye ba zai tsaya maka ba.

A 1/60 ganyen da iska ke kaɗawa ya riga ya yi tafiya kafin shota ta rufe. Kana buƙatar 1/500 ko sama da haka, in iskar ta yi tsanani har 1/1000. Daga 1/60 zuwa 1/500 mataki uku ne na haske, kowane mataki yana rage hasken da rabi: 125, 250, 500. Hasken da ka rage sai ka biya shi ta wani wurin. Sauko daga f/11 zuwa f/8, ka samu mataki ɗaya. Ɗaga ISO daga 100 zuwa 400, ka samu biyu. Shi ke nan lissafi ya cika, hasken hoton bai canza ba, ganye kuma ya tsaya.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Amma an ce mini in bar ISO a 100 kullum, wai in an ɗaga hoto yana yin tsaki-tsaki.

Mai Hoton Taro: Wanda ya faɗa maka haka a cikin ɗaki yake ɗaukar hoto. ISO 400 a kyamarar wannan zamanin ai ba a ma lissafa shi. Ni har 1600 nakan kai ban ko waiwaya ba. Tsaki-tsaki ana rage shi a kwamfuta, amma hoton da ya dagule saboda motsi, sai dai ka goge. Ban taɓa ganin wanda ya dawo mini da hoto yana cewa "ga tsaki a sararin sama" ba, amma fuska ta ɗan gurɓace kaɗan, nan take za a kira ka.

Injiniya: Gyara kaɗan, Malam Tsohon Hannu, ba don na ƙi maganarka ba. Shi Sabon Shiga ya tsira ne don da alama lens ɗinsa gajere ne. Ranar da ya ɗora mai 200mm ko 300mm zai ga tirayfod ɗin ma yana da nasa laifin, domin dogon lens yana ƙara girman girgiza kamar yadda yake ƙara girman abin da ake ɗauka, ga shi kuma jikinsa ya fi tare iska. Sannan ƙarfin da iska ke tura abu da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun iska ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Shi ya sa kayan da suka tsaya lafiya da safe za ka ga sun kife da rana, alhali a jikinka ba ka ji bambancin ya kai haka ba.

Tsohon Hannu: Wannan gaskiya ne, Injiniya. Tunda an taɓo tirayfod, ga yadda nake kafa nawa. Sandar tsakiya ba na ɗaga ta ko kaɗan, ita ce babbar mai kawo rawa, don kyamara ta bar kan ƙafa uku ta koma kan ƙafa ɗaya. Ƙafafun kuma masu kaurin nake fara zarowa, siraran na ƙasa in ba dole ba suna ciki. In wurin ya ba da dama sai in buɗe ƙafafun sosai in sauko ƙasa, in juya ƙafa ɗaya ta nufi inda iska ke turawa, ta zama tokari. Igiyar wuya ta kyamara ko dai in cire ko in naɗe ta, saboda tana kaɗawa tana dukan ƙafar tirayfod, kowane bugu yana isa cikin hoto. Sai taima ta daƙiƙa 2, hannuna ba ya kan kyamara lokacin da take ɗauka. Ni kuma in tsaya ta ɓangaren da iska ke zuwa, in tare ta da jikina, ba tare da na taɓa komai ba.

Mai Hoton Taro: Ka manta da rataya jaka a ƙugiyar ƙasa, Baba.

Tsohon Hannu: Ban manta ba, da gangan na bari. Jakar da ke reto a sama ana iska ta zama lilo. Tana tafiya tana dawowa, tana jan tirayfod ɗin da ita, wani lokaci har ta bugi ƙafa. Nauyin da ka sa don ya hana motsi shi ne ya kawo motsin.

Mai Hoton Taro: Ni dai ina ratayawa, kuma tirayfod ɗina bai taɓa faɗuwa ba.

Injiniya: Ku biyun ba magana ɗaya kuke yi ba. Shi Mai Hoton Taro faɗuwa yake tsoro, Malam kuma girgiza. Jaka mai reto tana hana faɗuwa, amma tana iya ƙara girgiza. Abin da ya haɗa biyun shi ne a bar jakar ta zauna a ƙasa, a ɗaure ta da ƙugiyar da igiya mai talewa, a ja ta yi tauri. Nauyi yana ja ƙasa, babu lilo.

Mai Furanni: Sallama gare ku. Na karanta duka, kuma ina ganin akwai abin da ya fi saiti muhimmanci wanda ba a ambata ba, wato haƙuri da sanin lokaci. Ni furanni da ƙananan ƙwari nake ɗauka, kuma a wannan aikin iskar da ba za ta ɗaga maka gefen riga ba ta isa ta kore fure daga inda ka saita ido. In kana kusa da abu sosai, faɗin wurin da ke fita garau bai wuce 'yan milimita ba. Fure ya matsa kaɗan, ka tashi da hoton kara maimakon hoton fure.

Abin da na lura shi ne iska ba ta busawa bai ɗaya. Takan taso, ta buga, ta lafa. Sai in durƙusa, in saita komai, yatsana a kan maɓalli, idona ba a kan furen da nake so ba, a kan ciyawar da ke can gaba ta inda iskar ke tahowa. In na ga ta kwanta, na san bugu na zuwa. In na ga ta miƙe ta yi shiru, to nan da ɗan lokaci furena ma zai tsaya. Kuma ba ya tsayawa nan take, sai ya yi 'yar rawa yana raguwa, yana raguwa, sannan ya natsu na kamar daƙiƙa ɗaya ko biyu. A nan nake danna ɗauka a jere, biyar ko shida, in zaɓi guda.

Sannan ku riƙa fita da sassafe. Da dare ƙasa tana hucewa, iskar da ke kusa da ita ta kwanta. In rana ta ɗaga ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi sama, ta sama mai gudu ta gauraya da ta ƙasa, shi ya sa a yawancin wurare tsakar rana zuwa la'asar ne iska ta fi tashi. Hasken safe ma ya fi taushi, ka ga riba biyu.

Sabon Shiga: Hajiya, wannan na kallon ciyawar gaba ban taɓa jin sa ba. Na gode ƙwarai. In kuma iskar ta ƙi lafawa fa?

Mai Furanni: Sai filash. Walƙiyarsa gajeriya ce ƙwarai, in ka rage ƙarfinsa tana iya gaza 1/5000 na daƙiƙa. In shi ne babban hasken da ke kan furen, to shi ke tsayar da motsin, ba shota ba, ko da shotar tana 1/200. Sharaɗin kawai kada hasken rana ya fi ƙarfinsa, in ba haka ba za ka ga fure garau da wata inuwa-inuwa a gefensa. Wasu kuma suna kafa siririn tsinke su ɗaure karan furen a ƙasa inda ba zai fito a hoto ba. Ni dai roƙona kada a tsinke fure don a kai shi inda babu iska, a bar wa na baya ya gani.

Mai Hoton Taro: Ku masu furanni kuna hutawa, fure ba ya gajiya da jira. Ni mutane nake ɗauka, ga fitila a kan sanda, ga lema a gabanta. Iska na wahalar da mai kayan kara, wallahi mu ake nufi. Lemar haske ana iska ba abin da ba za ta yi ba, ta ɗauke sanda da fitila gaba ɗaya ta maka da ƙasa, in an yi rashin sa'a a kan mutum. Yanzu in na ga alamar iska lema ba ta fita daga mota. Ko filash tsirara, ko ƙaramin akwatin haske, buhun yashi a kan ƙafar sanda, da yaro tsaye yana riƙe da ita. Buhu kaɗai ba ya isa in sandar ta yi tsawo. Faifan mayar da haske ma haka, in ka ba yaro mara nauyi sai ka ga faifan yana jan sa.

Su kuma waɗanda ake ɗauka, kada iska ta zo musu ta baya, gashi da mayafi duk su rufe fuska. Kada kuma su fuskance ta kai tsaye, ido zai kawo ruwa, su yi ta ƙifce-ƙifce. A ɗan karkace ake tsayawa, iska ta zo ta gaba amma ta gefe, sai tufa ta tafi baya. In ka dace, hoton ya fi na ranar da babu iska rai nesa ba kusa ba. Nakan ce musu su rufe ido, in ƙirga uku su buɗe, in ɗauka a jere. Shota ba ta sauka ƙasa da 1/500.

Uwar Biyu: Don Allah mu masu waya fa? Duk wannan f kaza da kuke faɗa ba mu da shi. Yara nake ɗauka a waje, in ana iska sai in ga gashin 'yata wani ɓangare ya ɓace kamar an goge.

Ɗan Bidiyo: Anti, yanayin hoton fuska kike amfani da shi, wanda ke dusashe baya. Wannan dusashewar ba ta gilashi ba ce, wayar ce ke lissafa inda mutum ya ƙare da inda baya ya fara. Gashin da iska ta watsa yana rikita ta, sai ta ɗauke shi a matsayin baya ta dusashe shi. Ranar iska ki koma yanayin hoto na yau da kullum. Haka yanayin dare da HDR, hotuna da yawa wayar ke ɗauka ta haɗe su wuri guda, in abu ya motsa a tsakani sai ya fito biyu-biyu ko ya yi dama-dama. Ki nemi wuri mai haske sosai, wayar da kanta za ta ƙara saurin shota. In tana da yanayin Pro, ki sa 1/500 da hannunki. Ki riƙe da hannu biyu, gwiwar hannu manne da jiki, in akwai bango ki jingina. Kuma kada ki yarda da ƙananan tirayfod ɗin nan na waya, ba su da nauyi, waya kuma faffaɗa ce, bugu ɗaya sai ƙasa.

Uwar Biyu: Kai, Allah ya yi albarka. Ashe ba wayar ce ta lalace ba.

Injiniya: Ga wanda ke son ya auna iska ba tare da na'ura ba, akwai ma'aunin Beaufort, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805. Daga 0 zuwa 12 yake, kuma da ido ake karanta shi. Mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28 a awa, shi ne inda ƙura da takardu ke tashi, ƙananan rassa na motsi. Na 5, 29 zuwa 38, ƙananan bishiyoyi na rangaji. Na 6, 39 zuwa 49, manyan rassa na motsi, riƙe lema ya zama wahala. A ganina daga 4 ka daina canza lens a fili, daga 5 ka naɗe duk wani abu mai faɗi, daga 6 kada ka saki tirayfod ko don ɗauko abu a jaka. Kuma in kun duba hasashen yanayi a waya, lamba biyu ake bayarwa, matsakaicin gudu da gudun bugu. Ta biyun ce ke kayar da kaya.

Matuƙin Duron: Wannan ma'aunin mu ma da shi muke aiki. Ƙananan duron, wato jirage marasa matuƙi masu kyamara, na kamfanin DJI irin Mini 3 da Mini 4 Pro, kamfanin ya rubuta suna jure iska har mita 10.7 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 38 a awa, ƙarshen mataki na 5 ke nan. Matsalar ita ce abin da kake ji a ƙasa ba shi ne a sama ba. Gidaje da bishiyoyi suna rage iska a ƙasa, can sama babu mai tare ta. Dokata guda ce: in zan tafi nesa, in tafi ina fuskantar iska, in dawo tana tura ni. Wanda ya yi akasin haka zai ga batir yana zuba, duron yana tsaye wuri ɗaya kamar an ɗaure shi. In hakan ta faru a sauko ƙasa-ƙasa, a nan iskar ta fi sauƙi.

Tsohon Hannu: Duk mun zauna muna koya wa yaro yadda zai yaƙi iska, ba wanda ya ce masa wani lokaci ita ce hoton. Sabon Shiga, wannan naka mai 1/60 abin da ya ɓata shi shi ne ya tsaya tsaka-tsaki. Ganyen bai tsaya ba, bai kuma gudana ba, sai ya yi kama da kuskure. Gwada ɗaya gefen. Sauko zuwa 1/4, ko daƙiƙa guda cur. Dutse da gindin bishiya su tsaya ƙyam, ganye da ciyawa su zama kamar hayaƙi a kewaye da su. Mai kallo zai ji iskar a jikinsa. Da rana haske zai yi yawa, sai ka sa filta mai duhu, wato gilashin rage haske, a gaban lens. Mai mataki 10 tana mayar da 1/60 zuwa kusan daƙiƙa 17, a nan har gajimare za ka ga ya ja layi. Amma fa dole a samu abu guda a cikin hoton da ya fita tar, in babu shi ido ba ya samun wurin sauka. Kuma a nan ne duk abin da muka faɗa kan kafa tirayfod zai yi maka amfani, don daƙiƙa 17 ana iska ba wasa ba ne.

Ɗan Bidiyo: Baba, a irin wannan, na'urar hana girgiza ta cikin lens a kashe ko a bari? An saba cewa a kashe in ana kan tirayfod.

Tsohon Hannu: Dalilin kashewar shi ne in babu motsi ko kaɗan, wasu tsofaffin lens sukan yi ta neman girgizar da babu, su haifar da tasu. Ranar iska kuwa girgizar tana nan da gaske. In dogon lens ne kuma shota tana da ɗan sauri, ina barin ta a kunne. In ɗauka ce ta daƙiƙoƙi masu yawa, ina kashewa, don hoton yakan ɗan zame a hankali. Kowane lens da halinsa, ka ɗauki biyu da biyu ka gwada naka. Sai dai a tuna, ita ma kyamara kawai take riƙewa, ba ta da iko a kan ganye.

Ɗan Bidiyo: Na gane. Ga masu bidiyo kuma, hoton zai iya yin kyau sauti ya kashe aikin. Soson da ke zuwa da makirfo ba ya komai a waje, sai mai gashi-gashin nan. A kunna yanke ƙananan sauti wajen 80 zuwa 100Hz, a nan rugugin iska ya fi zama, mai magana kuma ya ba iska baya ya kare makirfon da jikinsa. Nan kuma za mu yi rigima da Mai Hoton Taro, shi yana so a fuskanci iska, ni ina so a ba ta baya.

Mai Hoton Taro: Kai ka nemi bango ka ɓuya, ka bar mini fili.

Shugaban Zaure: Ina tunatar da kowa, hoto bai kai rai ba. Ana iska mai ƙarfi kada a tsaya ƙarƙashin busasshen reshe ko allon talla, kada a matsa bakin tudu ko rufin bene ido na cikin kyamara. In iskar hadari ce kuma an fara jin tsawa, a naɗe tirayfod a shiga mota ko gini. Ku ci gaba.

Mai Furanni: Saura ƙura da yashi, waɗanda ba a ganin ɓarnarsu sai an koma gida. Zaɓi lens ɗinka tun kafin ka fita. In dole ne ka canza, shiga mota, ko ka ba iska baya, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa, sabon lens ɗin yana hannu a shirye. Lens mai zuƙowa da ke tsawo yana gajarta kuma iska yake shaƙa duk lokacin da ka murɗa, a rage wasa da shi cikin ƙura. Babban abin da nake roƙo: kada a goge gilashi da gefen riga ko ƙyalle alhali akwai yashi a kai. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, gogewar ita ce karcewar. A fara hurawa da famfon roba, a bi da burushi mai laushi, ƙyalle shi ne na ƙarshe. A bakin teku kuma iska tana ɗauke da gishiri, sai an goge jikin kyamara da ƙafafun tirayfod da ƙyalle mai ɗan damshi.

Injiniya: A nan kaɗai nake yarda da filta fara ta kariya a gaban lens. Sauran ranaku ƙarin gilashi ne kawai mai jawo ƙyalli. Hular lens kuma ciniki ne: tana kare gilashi daga yashin da ke zuwa ta gefe, amma a dogon lens tana tare iska ta ƙara rawa. In ƙura ta fi yawa a bar ta, in girgiza ce damuwar a cire.

Uwar Biyu: To ta yaya mutum zai san ƙura ta riga ta shiga ciki? Maigidana yana da kyamara, kwanan nan wasu ɗige-ɗige suke fitowa a sama a hotunansa.

Mai Furanni: 'Yar'uwa, ki ce ya sa f/16 ko f/22, ya ɗauki sararin sama ko farin bango. In ɗigon suna wuri ɗaya a kowane hoto, ko da ya canza lens, to a kan sensa suke, wato ɓangaren da ke karɓar hoton a cikin kyamara. Ya cire lens a cikin ɗaki, ya kifa kyamarar, ya hura da famfon roba ba tare da bakin famfon ya taɓa ciki ba. Kada ya hura da baki, yawu zai bi, kada kuma ya sa auduga. In ya yi haka sau biyu ko uku ɗigon bai tafi ba, ya manne ke nan, ya kai wa masu gyara su wanke.